Inda Ɗan Gwiwa Ke Haɗuwa da Najeriya: Nazari a kan Makarantun Sakandare na Yankin Kazaure da Babura

Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Kazaure tana cikin jerin makarantun da aka baza a faɗin ƙasar nan a shekarun 1970, bayan yaƙin basasar da aka gwabza daga 1967 zuwa 1970. Manufarta a fili take: a ɗauko yarinya daga Kalaba, wata daga Ibadan, wata daga Jos, a haɗa su da 'yar Roni da 'yar Daura a ɗakin kwana ɗaya na tsawon shekaru, su tashi sun san juna. Tunanin ya girmi yaƙin. A 1966 aka buɗe kwalejoji uku na farko a Sakkwato da Warri da Okposi, bisa tsarin da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yi, sannan daga 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa shirin zuwa jihohi 12 na wancan lokaci. A wannan shekarar dai aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima. Duka biyun suna neman amsar tambayar da yaƙi ya bari: ta yaya mutanen da Turawa suka haɗa a 1914 za su ji a ransu cewa ƙasarsu ɗaya?

Ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke cikin masarautar Kazaure, da maƙwabciyarsu Babura ta masarautar Ringim, wuri ne da ya dace a auna wannan amsa. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum fiye da rabin miliyan idan aka haɗa. Kusan kowa a cikinsu Musulmi ne, Hausa ce harshen kasuwa da masallaci har ga Fulanin yankin, Kano tana kudu, Daura tana arewa, iyakar Nijar kuma ba nisa. Yaro zai iya girma a nan har ya yi gemu bai taɓa zama da wanda ba ya jin Hausa ba. Abin da nake son nunawa shi ne cewa sakandare ce wurin da matashin wannan yanki ke fara haɗuwa da ƙasarsa ido da ido, kuma abin da ya gani a wannan haɗuwa shi ke zama ra'ayinsa game da Najeriya, fiye da duk abin da aka sa ya haddace. Ɗan firamare yana hannun gida tukuna. Jami'a kuwa 'yan ƙalilan ne ke kaiwa gare ta. Tsakanin shekara 12 da 18 ne mutum ke yanke wa kansa hukuncin su wane ne nasa.

Arewa tana da shaidar wannan a tarihinta. Kafin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, mutum Bakano ne ko Bakatsine ko Basakkwace ko ɗan Barno. Turawa malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke nema, amma da suka tara Ahmadu Bello daga ƙasar Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, da Kashim Ibrahim daga Barno, da Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nufe a makaranta ɗaya, sai suka samar da abin da ba su shirya masa ba, wato rukunin mutanen da ke kallon Arewa a matsayin gida guda. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa, kuma a nan Gowon, ɗan Angas Kirista, ya yi karatu, haka ma Murtala Muhammad. A ɓangaren Faransa, makarantar William Ponty ta Senegal ta yi irin wannan aiki: Hamani Diori da Boubou Hama na Nijar sun fito daga makarantar da ta yaye Modibo Keita na Mali. Benedict Anderson, a littafinsa na 1983 kan asalin kishin ƙasa, ya lura da haka a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka: yaran da suka baro garuruwa daban-daban suka haɗu a makaranta ɗaya su ne suka fara tunanin cewa yankin da suka fito ƙasa ce.

Ta yaya hakan ke faruwa? Amsar tana ɗakin kwana fiye da aji. Yarinyar da ta zo Kazaure daga kudu takan iso da labaran da ta ji a gida game da Arewa, 'yar Kazaure ma tana da nata labaran game da kudu. Sai a ba su gado kusa da juna, su yi layin ruwa tare, su ci gabza ɗaya, siniya ɗaya ta hukunta su a kan laifi ɗaya. A watan azumi ɗaya tana ganin ɗaya tana tashi sahur, ran Lahadi ita ma tana ganin ta shirya zuwa coci. Ranar ziyara, wadda iyayenta ke nesa takan ci abincin da uwar ƙawarta ta kawo daga cikin gari. Za a yi faɗa, za a yi gori, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma faɗan da aka yi da wadda aka sani da suna daban yake da ƙiyayyar ƙabilar da ba a taɓa gani ba. Bayan shekara shida, idan wani ya ce duk mutanen wuri kaza mugaye ne, tana da fuska da suna da za ta ƙaryata shi da su. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban waɗannan kwalejoji, da yadda suke halartar bikin juna da jana'izar juna daga Legas zuwa Kano, su ne hujja mafi ƙarfi da masu kare shirin ke da ita, kuma ni ina ganin hujja ce ta gaskiya.

Sai dai shirin ƙarami ne ƙwarai. Kwalejojin tarayya ba su wuce ɗari da 'yan kai ba a ƙasar da ke da miliyoyin 'yan sakandare. Shigarsu kuma sai da jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa, wadda ke buƙatar uban da ya san da ita, ya biya kuɗin rajista, ya kai ɗiyarsa cibiyar jarrabawa, sannan ya iya ɗaukar hidimar makarantar kwana. Manomin da ke ƙauyen Gwiwa da wuya ya cika waɗannan sharuɗɗa, ko da kwalejin ba ta da nisa da gonarsa. Akwai kuma batun makin shiga. A 2013, lokacin da aka wallafa makin kowace jiha, ɗan Anambra yana buƙatar 139 cikin 200, ɗan Jigawa kuwa 44. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara a kan wannan bambanci, babbar kotun tarayya a Legas ta ba shi gaskiya. Ina goyon bayan a ware wa kowace jiha gurbi, domin idan aka bar cancanta kaɗai, makarantar haɗin kai za ta cika da yanki ɗaya, manufar ta rushe. Amma wannan 44 ɗin tuhuma ce a kan firamarenmu, kuma tana shuka abu biyu masu ɗaci: ɗan kudu yana jin an zalunce shi, ɗan Jigawa yana shiga aji ana masa kallon wanda aka yi wa alfarma.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara ƙuntata abin. A Fabrairun 2014 aka kashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Buni Yadi a Yobe. A Disambar 2020 aka kwashe fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a Yunin 2021 kuma aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Jigawa ta fi yawancin maƙwabtanta zaman lafiya, amma uwar da ke Enugu ba ta rarrabe Kazaure da Ƙanƙara, kuma doguwar hanyar da ɗiyarta za ta bi sau shida a shekara ita kanta abin tsoro ce. Ba wanda zai zarge ta. Sakamakon dai shi ne kwalejojin tarayya na Arewa suna ƙara cika da 'ya'yan jihar da suke ciki da na maƙwabta, baƙin kuma galibi 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwar da dama can suke zaune a yankin.

To ina sauran yaran suke? Mafi yawansu suna makarantun jeka-ka-dawo na gwamnatin jiha, kuma a nan ne nazarin ya kamata ya daɗe. Makarantar jeka-ka-dawo ta yi babban alheri: ta kawo sakandare kusa da gida, ta rage kuɗi, ta sa uban da ba zai taɓa barin 'yarsa ta kwana a wani gari ba ya yarda ta je ta dawo kafin la'asar. Ba don ita ba, da dubban yaran Roni da Gwiwa da ƙauyukan Babura ba su wuce aji shida na firamare ba. Amma a fuskar sanin ƙasa, ta cire sinadarin da ya yi aiki a Katsina da Barewa. Ɗalibai 'yan unguwa ɗaya ne, malamai galibi 'yan ƙaramar hukumar ne ko na kusa, shugaban makaranta sananne ne a gari. Yaro yana shafe shekara shida bai haɗu da baƙo ba.

Abin da ya rage na Najeriya a irin wannan makaranta shi ne tuta da asambili. Kowace safiya ana rera taken ƙasa, ana karanta alƙawarin biyayya da Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, duka da Turancin da ɗan aji ɗaya bai gama fahimta ba. An sauya taken a 1978, aka koma tsohon na 1960 a watan Mayun 2024, yara suka haddace sabon kamar yadda suka haddace na da. Ban raina wannan ba, domin al'ada tana da tasirinta. Amma haddar da ba a fassara ba, ba a tattauna ba, ba ta ratsa zuciya. Darasin da ya kamata ya cike giɓin shi ne Tarihi, shi kuma an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a gyaran 2007, wanda ya fara aiki a zangon 2009 zuwa 2010, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawowarsa, bayan an yi shekaru ba a horar da isassun masu koyar da shi ba. Asarar ta fi yadda ake zato. Yaron da aka koya masa yadda Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19 bayan doguwar takaddama da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da yadda ɗansa Dambo ya mai da garin Kazaure gidan sarauta, da yadda ƙasar ta shiga Lardin Kano a zamanin Turawa, ta zama cikin Jihar Kano a 1967, sannan Jigawa a 1991, wannan yaron zai ga Najeriya a matsayin labarin da garinsu ke ciki. Wanda aka fara masa da Gwamna Lugga da 1914 kuwa zai ɗauka labarin wasu ne.

Haka batun harshe. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi cewa ɗan ƙaramar sakandare ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa. Ke nan ɗan Roni ya kamata ya ɗan iya Yarabanci ko Ibo. Tanadin ya tsaya a takarda a mafi yawan makarantun jiha, saboda babu malamai. Da an aiwatar da shi ko rabi, da ya fi taken ƙasa amfani, domin wanda ya iya gaida mutum da harshensa ya riga ya rage rabin zargin da ke tsakaninsu.

Baƙo ɗaya tilo da makarantar ƙauye ke samu shi ne mai yi wa ƙasa hidima. Ga yara da yawa, wannan saurayi ko budurwa mai kakin hidima shi ne Bayarabe ko ɗan Ibo ko ɗan Tibi na farko da suka yi magana da shi na fiye da minti biyar. Idan ya dace da wurin, ya koyi 'yar Hausa, ya buga ƙwallo da su, to ya yi aikin da littafi ba zai yi ba. Amma shekara ɗaya yake yi, sau da yawa ba a horar da shi aikin koyarwa ba, ba a tanadar masa masauki mai kyau ba, kuma tun bayan kashe masu hidima a rikicin zaɓen 2011 a Bauci, da yawa daga 'yan kudu suna neman a mayar da su kusa da gida.

Idan makaranta ba ta haɗa yaro da sauran 'yan ƙasa ba, ci-rani zai haɗa shi. Da an gama girbi, samarin yankin suna hawa mota zuwa Legas, Fatakwal, Abuja da Ibadan, su yi acaba, su yi dako, su yi gadi, su sayar da kayan miya. A can ne yawancinsu ke ganin Najeriya a karon farko, kuma suna ganin ta ne daga ƙasa: ɗan sandan da ke tare su a hanya, dokar hana acaba irin wadda Legas ta kafa a 2022, rikici irin na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Suna zuwa ba Turanci, ba harshen wurin, ba sanin haƙƙinsu. Su ma mutanen can abin da suke gani ke nan na Arewa. Wannan haɗuwa ce marar shiri, kuma abin da take koyarwa ya fi na asambili zama a rai.

Akwai wani darasi da gwamnati ke koyarwa ba tare da ta sa shi a manhaja ba. Takarda ta farko da ɗalibin da ya gama sakandare ke nema, kafin gurbin karatu ko aikin soja ko tallafin karatu, ita ce shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tushenta ƙa'idar raba daidai ce da ta shiga tsarin mulki a 1979, kuma niyyarta kare yankuna irin namu. Amma abin da take gaya wa yaro shi ne rabonsa yana bin asalin ubansa. Ɗan Ibon da aka haifa a Kazaure, ya yi karatu a nan, yake Hausa kamar kowa, a ranar neman wannan takarda yake sanin cewa shi baƙo ne. Mutanen yankin sun ɗanɗani irin wannan da kansu. Ranar 27 ga Agustan 1991, da Janar Babangida ya ƙirƙiri Jigawa, yaran da suka shiga sakandare suna Kanawa suka fito suna 'yan wata jiha, malamai da ma'aikatan da suka yi shekaru a birnin Kano aka ce su koma Dutse. Kazaure ta fi kusa da Kano a kan Dutse, harkar kasuwa da auratayya har yau can suka fi karkata. Duk da haka cikin shekara talatin an samu matasa masu alfahari da Jigawa, kuma makaranta da tallafin karatu da gasar wasanni ta jiha suna cikin abin da ya gina hakan. Wannan ya nuna cewa jin kai ɗan wuri abu ne da hukuma ke iya ginawa idan tana ba mutum wani abu a hannu.

Sannan ga jarrabawa. Ɗan aji biyar yana zana jarrabawar kwalifayin domin jiha ta biya masa kuɗin jarrabawar fita, kuma ga ɗan talaka wannan biyan shi ne alheri mafi girma da ya taɓa gani daga gwamnati. Amma a duk inda satar amsa ta zama ruwan dare, inda ake haɗa kuɗi domin mai sa ido ya kau da kai, yaro yana koyon cewa dokar ƙasa abar ciniki ce, kuma yana koyon haka daga hannun manyan da suka karantar da shi gaskiya da riƙon amana a darasin zama ɗan ƙasa nagari. Ban san wani abu da ke rushe amincewar matashi da ƙasarsa kamar wannan ba.

Kusancin iyaka ya ƙara wa batun armashi. William Miles, a littafinsa na 1994 kan rabuwar ƙasar Hausa, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaji a ƙasar Daura da Yekuwa a yankin Magarya ta Nijar, ya nuna cewa mutane masu harshe ɗaya da addini ɗaya sun tashi da bambancin yadda suke kallon kansu da hukuma, saboda ɗaya ta biyo tsarin Ingila ɗaya ta biyo na Faransa. Makaranta tana cikin manyan hanyoyin da wannan bambanci ya bi ya shiga. Ɗan Babura da ɗan Magarya za su yi ciniki da Hausa a kasuwa, amma takardar makarantar ɗaya ba ta karantuwa ga ɗayan. Manufar ilimi ta 1998 ta sa Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma idan akwai inda ya kamata a ɗauki wannan da gaske, to yankin nan ne, inda layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa ta Kazaure da Daura. A nata ɓangaren, Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025. Kishin Najeriya da za a koya wa ɗan wannan yanki dole ya zama wanda bai mai da ɗan'uwansa na tsallaken iyaka abokin gaba ba.

Wasu na ganin Islamiyya da tsangaya ne ke gogayya da sakandare wajen mallakar zuciyar yaro. Ban yarda ba. Yaron da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, bai ganin saɓani tsakaninsu, kuma makarantun sakandaren Larabci na gwamnati sun daɗe suna yaye alƙalai da malamai da ma'aikatan gwamnati. Iyayen da ke guje wa boko a yau galibi ba aƙida ce ke hana su ba. Sun ga ɗan maƙwabci ya yi shekara goma sha biyu bai iya rubuta wasiƙa ba, bai kuma sami aiki ba.

Wannan ya kawo mu ga ci gaba, kuma a nan ma yankin yana da misalin da ya yi aiki. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, sai ta kafa hukumar makarantun kimiyya, ta buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka riƙa zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa daga kowane lungu, har da ƙasar Kazaure da Ringim, aka ba su ɗakin gwaje-gwaje da malamai da abinci. Daga baya aka ƙara na 'yan mata a Taura da Jahun, da na maza a Kafin Hausa, waɗanda Jigawa ta gada a 1991. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan shekaru goma na farkon wannan shiri. Duk wanda ya san asibitoci da ma'aikatun Kano da Jigawa ya san yawan manyan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu, da yawansu 'ya'yan manoma. Abin lura shi ne shirin ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya samar da ƙwararru, ya kuma haɗa ɗan Roni da ɗan Haɗeja da ɗan Rano a ɗaki ɗaya. Kwatanta shi da tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wanda aka sayo masa injunan koyon sana'a daga gabashin Turai, da yawansu suka lalace a cikin akwatunansu saboda ba wuta ba malami. Bambancin shi ne na farko ya fara da malami da ɗalibi, na biyu ya fara da kwangilar kaya.

Yau yankin ya cika da manyan makarantu. Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, wadda jiha ta kafa, tarayya ta karɓa a 2007, da cibiyar koyon kwamfuta da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Babura, garin tsohon Gwamna Badaru Abubakar, ta sami jami'ar fasaha ta tarayya a 2021, ga kuma makarantar koyon jinya da ungozoma. Abin farin ciki ne, amma jinka ce da aka ɗora a kan ginin da bai yi ƙwari ba. Ko da gurbin da ake ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimi, ba a shiga sashen injiniya sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Makarantar da ba ta da malamin fiziks ta riga ta rufe wa ɗalibanta ƙofar jami'ar da ke garinsu tun suna aji huɗu. Idan haka ta ci gaba, 'yan wasu wurare za su cika azuzuwa, 'yan gari su samu gadi da shara da hayar ɗaki, kuma ginin da aka yi domin haɗa kai ya zama abin da ke haifar da jin haushi.

Lamarin ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Jigawa cikin jihohi biyar da suka fi fama, kuma lafiya da ilimi suna cikin ma'aunin. Maigida da yawa ba ya son namiji ya duba matarsa mai ciki, saboda haka asibitin ƙauye sai da ma'aikaciya mace, wadda ta yarda ta zauna a ƙauyen. Wadda za ta zauna ita ce 'yar wurin. Ita kuma ba za ta shiga makarantar ungozoma ba sai da kiredit a bayoloji da kemistiri da fiziks. Yarinyar da ta tsaya a aji uku saboda babbar sakandare ta yi mata nisa, aka yi mata aure, ita ce ungozomar da ƙauyen ya rasa bayan shekara bakwai.

Tanzaniya ta fuskanci irin tambayarmu da ƙabilu fiye da 100. Julius Nyerere ya ɗauki Suwahili a matsayin harshen kowa, ya riƙa tura 'yan sakandare da malamai zuwa yankunan da ba nasu ba. Masanin tattalin arziki Edward Miguel, a nazarinsa na 2004, ya kwatanta gundumar Meatu ta Tanzaniya da Busia ta Kenya, ya gano cewa bambancin ƙabila yana rage gudummawar da jama'a ke bai wa makarantunsu a Kenya, amma bai yin haka a Tanzaniya. Ba za mu iya kwafar Nyerere ba, domin mu tarayya ce mai jihohi 36, ba kuma harshe ɗaya da kowa zai amince da shi. Abin ɗauka shi ne ya tsara haɗuwar da gangan. Jihohin Arewa 19 suna da shirin musayar ɗalibai tsakaninsu, wanda ke kai ɗan Jigawa Binuwai ko Kwara. Ya cancanci a raya shi, a ware wa makarantun ƙauye gurabe a ciki, a kuma nemi jiha ɗaya ko biyu a kudu da za a yi irinsa da su, ko da na zango ɗaya ne. Kwalejin tarayya da ke Kazaure ma za ta iya buɗe ɗakin gwaje-gwajenta da muhawarorinta ga makarantun jiha da ke kewaye da ita, kuma wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Babban cikas shi ne wanda zai biya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin tallafa wa jihohi, amma tallafin ya tsaya a aji uku na sakandare. Aji huɗu zuwa shida, shekarun da ake zaɓar kimiyya ko adabi, ake kuma yanke shawarar aure ko ci-rani ko jami'a, nauyinsu yana wuyan jiha, Jigawa kuwa tana da ƙananan hukumomi 27 da ke jiran rabon wata-wata daga Abuja. Shirin J-Teach na ɗaukar malaman wucin gadi ya rage giɓi, amma wanda ba shi da tabbacin aikinsa ba zai kai iyalinsa ƙauye ya zauna ba. Da za a ba ni zaɓi tsakanin sabon gini a hedikwatar ƙaramar hukuma da malaman dindindin na fiziks da kemistiri da Tarihi a kowace babbar sakandare ta Gwiwa da Roni da ƙauyukan Babura, da gidan zama da alawus na zaman karkara, malaman zan ɗauka, kuma zan so wasu daga cikinsu su zama 'yan wasu jihohi.